Taurari a Kan Igiyar Shanya

Ko da tsufa zai kwashe min komai daga ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara dattawan unguwarmu a saman gidana a Kazaure don in wanke kaina ba, sai ga shi na ƙare da shafa wa kaina kashin kaji da hannuna.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare, amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɗaukar hoton taurari. Ina da 'yar gajeriyar na'urar hangen nesa, ba ta fi tsawon hannuna ba, da kyamara a ɗaure a bayanta. Tana zaune a kan wani inji mai juya ta, injin kuma yana tsaye a kan ƙafafu uku. Duk na hannu ne, wani abokina ya taho min da su. Matata Rabi ba ta taɓa kiran abin da sunansa ba. Ita dai igwa take ce masa, har yaran gidan suka ɗauka.

Da farko bayan gari nake fita, ta hanyar Roni, in ɗaure kaya a bayan babur in nemi gindin dutse. Na daina ne bayan wani dare da 'yan banga suka zagaye ni da tociloli suna tambayar wa nake shirin harbi. Daga nan na koma saman gidana. Rufin kankare ne da na zuba da niyyar ɗora bene, benen kuma har yau yana cikin niyya. Wannan rufin shi ne duk abin da nake da shi. In aka raba ni da shi, to igwa sai dai ta koma ƙarƙashin gado.

A shekarun farko wahala kawai na sha. Abin da kake son ɗauka sau da yawa ido ba ya ganinsa. Sai ka yi ta lalube, ka matsa dama, ka matsa hagu, wuyanka ya ƙage, sauro ya ƙoshi, ka ɗauki hoto ka ga ba wurin ba ne. Sai Allah ya haɗa ni da wata manhaja da na sa a kwamfutata, wadda na raɗa wa suna Jagora. Aikinta mai sauƙin fahimta ne. Ka gaya mata abin da kake nema, sai ta sa injin ya juya wajen. Kyamara ta ɗauki hoto. Jagora ta zana 'yar da'ira a kan kowane tauraro da ta gani a hoton, ta kwatanta yadda suka jeru da taswirar sama da ke cikinta, nan take ta gane ainihin inda na'urar ta dosa. In an kauce, ta faɗi yawan kaucewar, ta sa injin ya gyara, ta sake hoto, har abin da kake nema ya zauna daram a tsakiyar allo. Abu ɗaya kawai take buƙata daga gare ni, wato wata ƙafa guda daga cikin ukun nan ta fuskanci arewa, domin da ita injin yake sanin gabas da yamma. Don kada in riƙa wahala kullum, sai na ɗiga fenti a wuri uku a kan rufin, inda kowace ƙafa za ta zauna.

Tun da na samu Jagora na daina ɗaga kai sama. (Mutum mai son taurari, amma kullum kansa a sunkuye yana kallon allo. Haka na koma.) Na kuma koyi cika baki. A ɗakin malamai har an gaji da ni. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya ji cewa ina da na'urar da ba ta ɓata hanya.

Maƙwabcina ta kudu shi ne Baba Hudu, aminin mahaifina marigayi, ɗan kasuwar hatsi da ke zirga-zirga tsakanin Kazaure da Babura. Dattijo ne mai tsare gidansa da matarsa Hajiya, wanda ko mai gyaran wuta ba ya wuce zaurensa sai da shi a gaba. Wani dare ya fito tsakar gidansa ya ga wani abu kamar bakin bindiga a saman gidana yana juyawa shi kaɗai, da 'yar jar fitila tana ƙiftawa. Da ya bincika aka ce masa ai har kyamara gare shi. Bai zo wurina ba. Kai tsaye ya wuce wurin Mai Unguwa ya ce ɗan amininsa ya kafa abin leƙen gidajen mutane.

Mai Unguwa ya aiko aka kira ni. Ya yi min magana a hankali, ya ce shi bai ce na yi ba, amma maganar iyali ba a wasa da ita, kuma in ban gamsar da Baba Hudu ba to dole in sauko da kayana daga sama. Maganar ta yi min ciwo ƙwarai, don ba a taɓa jifana da irin wannan ba. Sai dai maimakon in kwantar da kai, sai na ce a gaban mutanen da ke zauren, duk wanda ya ce na'urata tana leƙa gida bai san abin da yake faɗa ba. Na ce ita sama kawai ta sani, ko an roƙe ta ba za ta kalli ƙasa ba. Na gayyace su su zo su gani da idonsu, Mai Unguwa da Liman da Baba Hudu.

Da na koma gida Rabi ta ce da na bi ta tata, da na je na durƙusa wa Baba Hudu, na kafa zana ta ɓangarensa, magana ta mutu. Na ce mata zana ta masu laifi ce. Ta ce to, Allah ya ba igwa sa'a.

Ranar ta zo. Lokacin kaka ne, damina ta ɗauke, sama ta wanku tas. Tun la'asar na share rufin, na shimfiɗa darduma, na kinkimo talabijin ɗin falo na haɗa ta da kwamfutar don kada dattawa su wahalar da idonsu. Na ɗora ƙafafun a kan ɗigon fentinsu, na gwada komai. Rabi ta dafa shayi. Ni kuwa na sa farar shadda da hular da nake zuwa ɗaurin aure da ita.

Bayan magariba suka hauro. Mai Unguwa yana fama da gwiwa, sai da ya huta a tsakiyar matakala. Baba Hudu ya zauna can gefe ya sha mur, ko shayin bai kalla ba. Na fara bayani. Na yi bayanin kyamara, na yi na inji, na yi na taswirar sama, na koma na sake na kyamara. Ban ankara ba sai kiran isha'i muka ji. Liman ya dubi gwiwar Mai Unguwa ya ce ba sai an sauka an sake hawa ba, na'ibi zai ja sallah a masallaci, mu mu yi jam'inmu a nan.

To, na'urar tana tsaye ne daidai gabas da dardumar, inda Liman zai sa goshi. Na rungume ta gaba ɗaya na matsar da ita gefe. Muka yi sallah.

Bayan an shafa addu'a na tashi in mayar da ita. Ina ɗaga ta ke nan Mai Unguwa ya fara ba ni labarin mahaifina, yadda suka yi makarantar allo tare. Babba yana maka magana, a kan mahaifinka kuma, ai ba ka juya masa ƙeya ba. Sai na juyo da kayan a rungume ina fuskantarsa, ina ja da baya, ina cewa haka ne ranka ya daɗe, Allah ya jiƙansa, ina satar kallon ƙasa. Na ga ɗigo uku, na ga ƙafa uku, kowace ta hau ɗigo. Na saki. Abin da ban lura ba shi ne kowace ƙafa ɗigon 'yar'uwarta ta hau. Ƙafar arewa tana can tana kallon kudu maso gabas, injin kuma bai san an juya masa duniya ba.

Na gyara hula, na ce, "Ranka ya daɗe, sau ɗaya zan danna, in zo in zauna. Ba zan ƙara taɓa ta ba, don kada a ce ni na karkatar da ita. Baba, kai za ka zaɓa mana abin da za ta nemo."

Baba Hudu ya nuna gabas da haɓa, bai ko dube ni ba. "Ga Kaza da 'ya'yanta can tana fitowa. In ta isa ta nemo ta."

Na ji daɗin zaɓin, don tarin taurarin nan ko yaro ya san su, kowa zai shaida. Na rubuta, na danna, na zagaya can ƙarshen darduma, bayan dattawan, na zauna na harɗe hannuwa a ƙirji. (Na zaɓi wuri mafi nisa da gangan. Ina so a ga nisan.)

Injin ya fara 'yar ƙararsa. Na'urar ta ɗaga kai, ta juya, ta wuce gabas ko waiwaye babu, ta je ta tsaya tana kallon saman kudu. Liman ya dubi Kaza, ya dubi na'urar, ya ce shi dai a ganinsa kamar ba can ba ne. Na yi murmushi irin na malamin da ɗalibi ya yi masa tambayar da yake jira. Na ce, Allah gafarta Malam, ai nan ne daɗin abin yake, yanzu za ta duba ta gane da kanta.

Hoto ya fito a talabijin, taurari birjik. Jagora ta bi su ta zana musu da'ira, har Mai Unguwa ya ce ikon Allah. Sai ta rubuto da jan rubutu cewa an kauce, ta kuma faɗi yawan kaucewar. Tun da nake aiki da ita ban taɓa ganin lamba mai girman wannan ba. Na gan ta sarai. Amma ina zaune a bayan manya da hannuwa a harɗe, na riga na yi alkawari, sai na fassara musu cewa ta gane kuskurenta, yanzu za ta gyara.

Ta kuwa gyara. Jagora ta lissafa daidai, ta ce a matsa wajen kaza, amma injin da aka juya wa duniya ya ɗauki umarnin ya bi da shi ta inda yake zaton can ne. Bakin na'urar ya fara sunkuyowa. Ya sauko daga tsakiyar sama, ya wuce kan darbejiyar da ke bayan gida, ina cewa a raina yanzu zai tsaya. Ya wuce saman katanga. Ya tsaya cak, yana kallon tsakar gidan Baba Hudu, kamar wanda aka aika.

Kyamarar taurari ba ta ɗauka nan take, sai ta ɗan jima tana tara haske, kuma wannan 'yar jimawar ita ce mafi tsawo a rayuwata. Ina ta addu'a a zuci Allah ya sa duhu kawai za ta gani. Na manta cewa an ƙera ta ne don ta ga abin da ido ba ya gani. 'Yar fitilar sola ɗaya da ke tsakar gidan ta ishe ta.

Hoton ya cika talabijin. Bai fita tas ba, ya yi dishi-dishi, amma ko baƙo ya san tsakar gida ce. Ga randa, ga turmi a kife, ga igiyar shanya ta ratsa daga wannan gefe zuwa wancan. A tsakiyar igiyar kuma ga wani leshi mai duwatsu, irin na zuwa biki, kowane dutse yana ƙyalli. Jagora, baiwar Allah, ba ta yi wata-wata ba. Ta bi duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya tana zana musu da'ira, sannan ta rubuto da koren rubutu cewa an samu taurari, ana dubawa a taswira.

Baba Hudu ya matso da fuskarsa kusa da allon. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, a hankali, "Wannan leshin Hajiya ne."

Da na yi shiru da ya fi. Amma bakin da ya saba bayani ba ya tsayawa. Na ji kaina ina cewa, "Baba, ai ita ɗauka ta yi taurari ne."

Sai kuma na tuna wani abu. Ni da kaina na saita ta cewa in ta duba taswira ba ta gane wuri ba, ta sake ɗaukar hoto, ta ƙara daɗewa tana tara haske. Leshin Hajiya kuwa ba ya cikin taswirar sama. Na zabura. Tsakanina da kwamfutar ga dattawa uku sun miƙe ƙafafu, kuma ko gobara ake yi ba na tsallake ƙafar Mai Unguwa ba. Dole na zagaya ta bayansu a sunkuye, ina gafara dai, gafara dai, shaddata tana harɗe ni. Na yi tuntuɓe da butar shayi. Kafin in isa, hoto na biyu ya fito.

Wannan ya fi na farko haske. Kuma a gefen igiyar ga wata inuwa doguwa ta mutum, ta miƙa hannu za ta kwashe shanya. Allah ya rufa asiri, motsi take yi, don haka ba a ga fuska ba, ba a ga komai ba sai kamar hayaƙi. Amma mu huɗun nan babu wanda bai san ko wace ce ba.

Na rasa abin da zan danna. Madannan da na sani kamar tafin hannuna duk suka zama baƙi. Sai na cire hulata, hular ɗaurin aure, na kifa wa bakin na'urar. Jagora ta ga duhu, ta rubuto cewa ba a samu taurari ba, za a sake gwadawa. Haka muka tsaya, ni kai babu hula, igwa da hula.

Baba Hudu ya tashi ya sa takalmansa. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi hakan da na fi samun sauƙi. Ya yi wa Mai Unguwa da Liman sai da safe, ya sauka. Liman ya duƙufa yana jan carbi, kafaɗunsa suna rawa, har yau ban san ko tasbihi ne ya yi masa nauyi ba. Mai Unguwa ya yi tari mai tsawo, ya ce in same shi da safe. Da na raka su na dawo, na tarar da Rabi zaune a gindin matakala, inda ta ji komai. Tambaya ɗaya ta yi min, ko a hauro a kwashe kofuna.

Sai da na koma sama na haska ƙasa na ga ƙafar arewa inda take.

Da gari ya waye ban fara zuwa wurin Mai Unguwa ba, zauren Baba Hudu na nufa. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa. Na ɗauko tsakuwa uku na fara nuna masa yadda ƙafa ta hau ɗigon da ba nata ba. Ya bar ni na gama.

"Ni ban san ƙafa ba," in ji shi. "Na ce abin nan yana iya leƙa gidana. Ka tashi a gaban mutane ka ce ban san abin da nake faɗa ba. Ni da na riƙe ka ranar sunanka."

Nan ne kunyar gaske ta kama ni, wadda ta fi ta daren jiya. Na watsar da tsakuwoyin na ba shi haƙuri, ba tare da bayani ba. Na kawo kwamfutar na goge hotunan biyu a gabansa, ya sa na sake buɗe wurin ya tabbatar babu su.

Hukuncin Mai Unguwa bai yi tsawo ba. Ya ce ba za a sauko da ni ba, tun da kowa ya ga ba da niyya ba ne, amma zana ta riga ta wuce. Bulo zan sa, in ja katanga a saman rufin ta ɓangaren kudu, ta wuce tsayina, kuma Baba Hudu ne zai ce ta isa. Na ce na gode. Ban gaya musu cewa ta kudun nan ne taurari suka fi cunkoso da damina ba, wurin da na fi so a duk sama. Wa zan gaya wa?

Da magina suka gama, Baba Hudu ya hauro duba aiki bayan isha'i. Ya tsaya jikin katangar ya yi ɗage, ya miƙa wuya, ya ce a ƙara layi ɗaya. Na ce za a ƙara. Har ya juya zai sauka, sai ya tsaya ya dubi na'urar ya ce, to, a nuna masa Kazar da aka yi masa alkawari.

Wannan karon sai da na tsuguna na taɓa ƙafar arewa da hannuna, na ɗaga kai na duba sama, sannan na danna. Ban yi bayani ba, ban je ko'ina na zauna ba. Na'urar ta juya gabas. Hoto, gyara kaɗan, wani hoton, sai ga Kaza da 'ya'yanta a tsakiyar allo, shuɗaye, da wasu 'ya'yan da ido bai taɓa ƙirgawa ba. Baba Hudu ya daɗe yana kallo kamar yadda ya kalli leshin.

"Ashe ta iya," ya ce. "To me ya kai ta gidana?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya gyaɗa kai kamar wanda dama amsar da ya hauro nema ke nan, ya sauka.

Jagora ba ta yi min ƙarya ba ko sau ɗaya. A daren nan ta rubuta da jan rubutu, a talabijin, a gaban shaidu, cewa na kauce nesa, ni kuwa na juya na fassara wa mutane cewa komai na tafiya daidai. Yanzu duk wanda ya ce min na kauce, na'ura ce ko dattijo, tashi nake yi in duba ƙafafuna tukuna. Darasin bai zo da araha ba, don rabin saman kudu na bayar, kuma duk daren da na hau sama ina ganin inda yake, an yi masa filasta.